Amsoshin Wasiƙunku: Zaman Baƙi A Wani Ƙauye Na Bakin Bahar Rum

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin tana da nauyi, kuma na tabbata ba mai ita kaɗai ta shafa ba.

Ta fito ne daga wani dattijo manomi a ƙasar Ɗambatta, wanda ya roƙi a sakaya sunansa, mun kuwa sakaya. Ya ce babban ɗansa ya shekara ɗaya da wata bakwai a ƙasar Sifaniya, a wani ƙauye kusa da birnin Malaga, yana aiki a gonakin fiya da lambunan Turawa. A 'yan kwanakin nan yaron yana ta aiko da hotuna ta waya: fararen gidaje a jikin dutse, furanni ko'ina, ga teku can ƙasa. Ya kuma gaya musu wai Turawan Ingila da na Jamus sun baro biranensu sun tare a ƙauyen, ba sa aikin fari ba sa na baƙi, sai shan hantsi. Yanzu ƙanen yaron ya tayar da ƙayar baya, ya ce sai a sayar da fadamar gidan a yi masa kuɗin tafiya. Dattijon yana tambaya: gaskiya ne Bature yakan bar birni ya koma ƙauye? Yaya zamansu yake? Kuma in sayar?

To, Baba, Allah ya ƙara girma. Gaskiya ne, ɗanka bai yi ƙarya ba. Allah kuma ya sa na taɓa taka wannan yanki a ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayun 2023, na kwana tara a wani ƙauye da suke rubutawa Frigiliana, amma a bakinsu Firihiliyana ake ji. Da shi zan ba ka misali, don ƙauyukan wurin duk kusan tafiyarsu ɗaya.

Sai mu fara gyara wata kalma. Lokacin da ɗanka ya ɗauki hotunan nan, watau Maris zuwa Mayu, masu fassara sukan kira shi bazara. Amma kada ka ɗauka irin bazararmu ce ta zafi da gumi da jiran hadari. A ƙasashen bakin Bahar Rum shekara a juye take. Ruwan samansu yana sauka ne a lokacin sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, sa'an nan daga Yuni zuwa Satumba da wuya a ga ɗigo. Saboda haka bazararsu ƙarshen damina ce. Ƙasa ta ƙoshi, ciyawa ta yi kore shar, lemo ya yi fure har ƙanshinsa ya cika lunguna, mangwaro da fiya su ma suna fure, inabi yana toho. Wanda duk ya ɗauki hoto a watan nan dole ya yi kyau. Ka ce wa ɗanka ya sake ɗauko maka wurin a watan Agusta, za ka ga tuddan sun ƙone ƙurmus kamar bayan garinku a tsakiyar rani.

Shi ƙauyen yana kan tudu ne, tazararsa da garin Nerha na bakin teku kilomita 6, da Malaga kuwa ba ta kai kilomita 60 ba. Mutanensa dubu uku ne da 'yan kai, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku baƙi ne daga wasu ƙasashe. Tsohuwar unguwar duk matattakala ce da lunguna, mota ba ta shiga, har yanzu alfadari ne ke hawa da yashi da siminti in za a yi gini. Wannan fasali na gari gadon Musulmi ne, domin sun shiga Andalus a shekarar 711, mulkinsu na ƙarshe a Garnaɗa ya faɗi a 1492, kuma a kan dutsen da ke bayan wannan ƙauye aka yi wani mummunan yaƙi a 1569 aka murƙushe jikokinsu. An zana labarin a kan alluna 12 na tangaran a bangon lungunan. Har gobe kunnen Bahaushe yakan tsinci nasa a harshensu. Magajin gari suna ce masa alkalde, daga inda muka samo alƙali suka samo shi. Man zaitun aseite ne, sukari kuwa asukar.

Su wane ne baƙin? Mafi yawansu tsofaffi ne 'yan fansho daga Ingila, Jamus, Holan da ƙasashen can arewa masu tsananin sanyi. In ka lura, 'yan ci-rani ne, sai dai mu yunwar rani ke kora mu, su kuwa sanyi da duhu da tsadar gida. Mutum ya sayar da ƙaramin gidansa a birnin Ingila, ya sayi gida da 'yar gona a nan, ya rage canji. Akwai kuma matasa masu aiki ta kwamfuta, ofishinsu yana wata ƙasa, su suna nan. Kuɗin da suke ci ba a ƙauyen ake samunsa ba, Baba. Daga gida yake biyo su duk ƙarshen wata. Riƙe wannan, za mu komo kansa.

A gidan wasu tsofaffi biyu mata da miji 'yan Ingila na sauka, suna ba da hayar ɗaki. Shekararsu 11 a ƙauyen. Ga yadda yininsu yake. Da safe mai burodi yakan zo da 'yar motarsa ya tsaya inda hanya ta ƙare ya danna oda, a sauko a saya. Mai gas ma haka, da jajayen tukwanensa, kuma kai za ka saɓi taka ka hau matattakala hamsin da ita, ko kana da shekara saba'in. Ranar Alhamis kasuwar ƙauyen ke ci, Talata kuma ta Nerha. A wannan lokaci kasuwa cike take da ɗanyen wake mai faɗi, da fiyar ƙarshen kaka, da wani ɗan itace ruwan ɗorawa da suke kira nisfero, wanda shi ke fara nuna a shekara. Da ƙarfe biyu na rana sai a rufe kantuna ruf. Ranar da na isa ban san haka ba, na fito wajen ƙarfe uku ina neman sabulu, na ga gari tsit, ƙofofi a garƙame, wallahi na ɗauka rasuwa aka yi. Ashe abincin rana suke ci su ɗan kishingiɗa, sai biyar a buɗe. Abincin dare kuwa sai tara ko goma. Dalili shi ne a Lahadin ƙarshe ta watan Maris sukan tura agogo gaba da awa ɗaya, har ya zama a farkon Mayu rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara. Ni da nake jiran magariba na sha zama. Da sanyi agogonsu da namu ɗaya ne, da bazara sun fi mu da awa guda, in za ka kira ɗanka ka tuna da haka.

Babban aikin bazara a ƙauyen shi ne shafe. Bayan ruwan sanyi bango yakan yi danshi ya yi baƙi, sai kowane gida a fito da bokiti da farar ƙasa, galibi mata, a shafe gida ciki da waje. Baƙon da ya bar bangonsa da datti ba wanda zai ce masa uffan, amma za a yi da shi a bakin famfo. A watan Maris na 2022 sun gamu da abin da ya ba ni dariya da aka ba ni labari: iska ta kwaso ƙura daga Sahara, irin wadda muka saba gani da hunturu, ruwa ya sauko da ita, gari fari fat ya wayi gari ja kamar an yi masa yaɓe da jar ƙasa. Uwar ɗakin masaukina ta ce sai da suka yi shafe sau biyu. Ba ƙura kaɗai ke zuwa musu daga wajenmu ba. Tsattsewar da ke yin sheƙa a ƙarƙashin indararonsu a Afirka take cin sanyi, a bazara take komawa, kuma suna murna da ganinta kamar yadda muke murna da shamuwa.

Yanzu ga abin da hoto ba ya nunawa. Maigidan da na sauka wurinsa shekara 11 bai iya harshen mutanen ba, ban da sannu da na gode. Abokansa duk 'yan ƙasarsu ne, suna da wurin shan shayinsu, da jaridarsu ta Turanci, da ranar da suke haɗuwa su yi tafiyar ƙafa a duwatsu. In famfo ya lalace sai matarsa ta yi magana da mai gyara. In takarda ta zo daga ofishin gari sai ya biya wani ya karanta masa. Ita kuwa matar ta shiga ajin koyon harshe da hukumar gari ke yi, tana tafka kurakurai ana dariya tana yi, tana zuwa jana'iza, tana gaida tsofaffin da ke zaune a bakin ƙofa da yamma ɗaya bayan ɗaya. Da idona na ga maƙwabciyarta ta rataye mata leda cike da lemon tsami a ƙofa ta wuce ba ta ko ƙwanƙwasa ba. Ranar 3 ga Mayu suna da biki, kowace unguwa takan ƙawata gicciye da furanni, a fito da abinci a raba wa mai wucewa, har da wata alewa da suke yi da maɗin rake, don a ƙauyen akwai tsohuwar masana'antar da ke dafa ruwan rake ya yi kauri, ɗanɗanonsa sak mazarƙwaila. Ita matar tana cikin masu jera furanni. Mijin yana gefe da kyamara kamar wanda ya sauka jiya. Hausawa sun ce baƙo makahon gari, to na ga wanda ya shekara 11 bai buɗe ido ba, ga kuɗi a aljihu. Da dare ya ce mini abin da ke hana shi barci shi ne ranar da ɗayansu zai rigaya. Da yawa daga cikinsu in haka ta faru, ko ciwo ya kwantar, sai su sayar su koma gida, su tarar gidan ma ya bar su.

Sai maganar ruwa, wadda na san ita za ta fi shiga kunnen manomi. Gonakin wurin hawa-hawa ne a jikin tudu, an tare su da duwatsu, ruwa kuma yana gangarowa daga tsaunuka ta ƙananan kanal da aka gada tun zamanin Musulmi, suna kiransu asekiya. Manoma suna da ƙungiyar rabon ruwa, kowa da ranarsa da sa'arsa, ko da ƙarfe ukun dare ta faɗo maka sai ka tashi ka buɗe. A bazara ake yashe kanal ɗin kafin rani, wanda bai fito ba ya biya. Baƙon da ya sayi gona yakan ɗauka ruwan da ke wucewa ta bayan gidansa nasa ne, ya buɗe ya cika kwamin ninƙayarsa, sai ya ga tsoho a ƙofarsa da fartanya a kafaɗa, fuska ba annuri. Da yawa ta nan suka fara sanin akwai doka a garin.

Shekarar da na je kuwa ta fari ce. Ranar 27 ga Afrilun 2023 zafi ya kai digiri 38.8 a birnin Kurɗuba, abin da ba a taɓa aunawa ba a watan Afrilu a can. Babbar madatsar ruwan yankin, La Binyuwela, wadda ke yamma da ƙauyen, saura wajen kashi 10 cikin 100 a cikinta, an ma riga an hana manoma ban ruwa daga ita. Na ga gonakin fiya da masu su suka sare itatuwan da hannunsu. A watan Mayu jami'an tsaro suka kama mutum 26 a kan haƙa rijiyoyi ba izini. Aka hana cika kwamin ninƙaya da wanke mota da ruwan famfo, wasu garuruwan ma aka riƙa ɗauke ruwa da dare. Sai zargi ya tashi, manomi yana nuna kwamin Bature, Bature yana nuna fiyar manomi. A ganina fa, in za a faɗi gaskiya, fiya da mangwaro sun fi shan ruwan nesa ba kusa ba. Kakanninsu inabi da zaitun suka shuka a tuddan nan, masu haƙuri da ƙishi, suna shanya zabibi suna sayarwa. Da fiya ta yi kuɗi a kasuwannin Turai sai kowa ya tuge ya dasa ta, har aka shuka fiye da abin da ruwan zai ɗauka. Mu da muke ganin yadda ake rububin tumatir shekara guda a zubar da shi a bakin titi, ba sai an yi mana dogon bayani ba. An samu ruwa mai yawa a watan Maris na 2024 da na 2025, madatsar ta farfaɗo. Amma a shekarar farin, wa kake jin aka fara sallama daga gonakin? Lebura.

Wata rigimar kuma ta gida ce. Baƙi masu kuɗi sun sa gidaje sun yi tsada, masu gida kuma sun gane hayar kwana-kwana ga 'yan yawon buɗe ido ta fi ta wata-wata riba. Ɗan asalin ƙauye ya tashi aure ya rasa ɗaki a garin ubansa. A watan Yunin 2024 dubban mutane sun yi zanga-zanga a Malaga a kan wannan. In ɗan gari ya rasa ɗaki, sai ka auna na ɗanka.

To, Baba, mun iso inda nake so mu iso. A ƙauyen nan baƙi iri biyu ne, ko da yake rana ɗaya ke dukansu. Akwai wanda ya zo da kuɗinsa ya huta, akwai wanda ya zo neman kuɗin, shi ke yanke wa na farkon ciyawa, ya wanke masa kwami, ya tsinke fiya: 'yan Maroko, 'yan Senegal, 'yan Mali, da irin su ɗanka. Shi kansa Baturen ba haka kawai yake zaune ba. Tun da Ingila ta fita daga Tarayyar Turai a 2020, ɗan Ingilan da ba shi da takardar zama kwana 90 kawai yake da su a cikin kowane 180. In yana son bizar zama ba tare da aiki ba, a shekarar 2025 sai ya nuna yana da Yuro 2,400 duk wata. Ka ga wannan ƙofa ba ta ɗan manomi ba ce. Mafi ƙarancin albashi a hukumance a shekarar ta 2025 Yuro 1,184 ne a wata, amma wannan na mai takarda ne da kwantiragi. Marar takarda abin da mai gona ya ga dama shi zai ba shi, ranar da ba aiki ba ko sisi, ba kuma inda zai kai ƙara cikin kwanciyar rai. Gabas da nan, a lardin Almeriya, akwai gonakin rumfar leda sama da hekta 30,000, wasu daga cikin leburorinsu a bukkokin leda da katako suke kwana. Ba a aiko wa iyaye hoton wannan. Hanyar zuwa kuma ka san ta. A 2024 mutum 46,843 suka isa tsibiran Kanari cikin kwale-kwale, wata ƙungiyar sa-kai ta Sifaniya kuma ta ƙirga sama da 10,000 da suka mutu a teku a shekarar suna neman shiga ƙasar.

Ka tambaye ni ko ka sayar, ba zan yi maka kwana-kwana ba: kada ka sayar. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Baturen da ƙaramin ɗanka yake sha'awa, abin da ya sa yake shan hantsi shi ne yana da abin da ke zubo masa daga gida. Ku fadamar nan ita ce mai zubo muku, har shi wanda ke can ita ce madogararsa in al'amari ya juya.

Shi babban kuwa, in kun yi waya, bar zancen furanni ka tambaye shi ko ya rubuta sunansa a rajistar mazauna gari, wadda suke kira fadron. Doka ta yarda ko marar takarda ya yi rajistar, hukumar gari ma tana so, don da yawan mutanenta ake ba ta kaso. Da ita ake ganin likita, kuma ita ce babbar shaidar daɗewarsa a ƙasar. Wannan yana da muhimmanci, domin daga watan Mayun 2025 an rage shekarun da mutum zai yi kafin ya nemi takardar zama ta hanyar daɗewa daga uku zuwa biyu, muddin ba shi da laifi a kansa kuma ya cika sauran sharuɗɗa, kamar samun mai ba shi kwantiragin aiki. Ɗanka saura masa wata biyar ya cika biyun. In bai yi rajistar ba, ya je gobe, ya kuma adana duk wata takardar asibiti ko rasiɗin aiko da kuɗi mai ɗauke da sunansa da kwanan wata. Ka tambaye shi su nawa ne a ɗakin da yake kwana, ka sa ƙanen nasa ya zauna kusa ya ji amsar da kunnensa. Ka kuma ce masa ya shiga ajin harshen nan kamar yadda tsohuwar Baturiya ta yi, kuma ya riƙa tambaya kafin ya ci abinci, don mutanen wurin har cikin wake sukan jefa naman alade. Mahautan 'yan Maroko suna garuruwan bakin teku, a wurinsu zai samu yankan Musulmi, su ne kuma za su nuna masa inda ake Juma'a.

Allah ya tsare mana su a inda suke, ya ba ka haƙurin rarrashin ƙaramin. Muna jiran wasiƙarka ta gaba mu ji yadda kuka ƙare. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ɗauki tambayar wata 'yar kasuwa daga Jibiya a kan ajiyar wake ba tare da zuba magani ba.